Ranar da Ɗan Doka Ya Tsaya Cak a Cikin Hotona

Shekarun baya masu yawa, tun gashin bakina bai gama fitowa ba, ni mai hoto ne a Yerwa. Abin da ya tuno mini da wannan zance shi ne, jiya jikokina suna kallon wani bidiyo a waya, wata mata ce take ɗaukar 'yan sanda a bakin titi, yaran kuma suna ta musu a kan ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba. Ban sa musu baki ba. Amma tun jiyan abin yake cina, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin nan, ko na samu sauƙi.

Lokacin Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, jirgin ƙasa ma bai iso garin ba tukuna. Muna zaune a Hausari ni da mahaifiyata, mu biyu rak, don mahaifina ya rasu. Asalinmu Kanawa ne, fatauci ya kawo iyayena. Ita tana sayar da banda a gida, wadda ake kawo mata daga hanyar Baga, ni kuma kullum in saɓi akwatina in nufi Kasuwar Shanu.

Akwatin hoton nan ba irin abin da kuka sani ba ne. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, da gilashi a gaba, da baƙin hannun riga a baya inda nake zura hannuna. A cikinsa akwai takardun hoto da 'yan tasoshi biyu na ruwan magani. In za a ɗauka, mutum ya tsaya, in cire murfin gilashi, in ƙirga ɗaya, biyu, uku, in mayar. Duk wanda ya motsa kafin in kai uku, sai ya fito kamar hayaƙi. Daga nan in zura hannu in wanke takardar a cikin duhun akwatin, in zaro ta in jefa a bokitin ruwa da nake ajiyewa a gindin ƙafa. To wannan hoto na farko a juye yake fitowa: baƙin mutum ya zama fari fat, farar riga ta zama baƙa. Sai na kafe shi a gaban gilashi na sake ɗaukarsa da akwatin, sannan hoton gaskiya yake fitowa. Wato juyayyen ba ya da amfani in babu akwati, akwati ma ba ya yin komai in babu juyayyen. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake.

Wani tsohon soja ne ya koya mini sana'ar, kuma da zai koma garinsu shi ya bar mini akwatin. Gilashinsa ba a samun irinsa ko a Kano sai an sha wuya. Ban gaji akwati kaɗai a wurinsa ba, har da muryarsa na gada. Shi in zai cire murfi ba ya lallashi, tsawa yake dakawa irin ta filin fareti: "Tsaya cak!" Ni ma haka na taso ina yi, ga ni siriri kamar karan dawa amma in na buɗe baki har tsakiyar kasuwa ana ji. Ina alfahari da muryar nan ƙwarai a lokacin, Allah ya yafe mini.

Ranar da abin ya faru, wani dillali da muka saba, Alhaji ne mai son a san da shi, ya ce in ɗauke shi da wani bajimin sa irin na bakin Chadi, mai ƙahoni kamar tulu, kafin a kora shi kudu. Na kafa akwati, na gyara masa rawani, aka riƙe san. A can bayansu na ji ana 'yar hayaniya, amma kasuwar shanu ce, yaushe ba a hayaniya? Ban ko ɗaga kai ba. Na kama murfi, na cika ƙirji da iska, na daka tsawa.

"Tsaya cak!"

Ɗaya, biyu, uku. Na mayar da murfi, na zura hannu na wanke, na zaro takarda na jefa a bokiti. Sai da na sunkuya ina kaɗa ta a ruwa, sannan na ga abin da na ɗauko. San Alhaji ya kaɗa kai, ya fito kamar hayaƙi. Alhaji ma ya ɗan motsa. Amma a bayansu ga ɗan doka nan tsaye ƙiƙam, da dararsa da bel da kulki, ya ƙame, ƙirji a waje, fuska tana kallon gilashina sosai. Hannunsa na hagu riƙe da igiyar wata karsana, a gefe kuma ga wani tsoho ya miƙo hannu biyu. Ashe da ya ji tsawar fareti, jikinsa ne ya bi umarni kafin hankalinsa ya dawo. Wallahi a duk shekarun da na yi ina hoto ban taɓa ɗaukar wanda ya fito tar kamarsa ba.

Na so in yi dariya, sai dariyar ta maƙale. Na ɗaga kai, na ga wani yana yi wa ɗan dokan raɗa yana nuno ni. Kofur ne, igiya biyu a hannun riga. Ya miƙa igiyar karsanar ga wani mutum da yake biye da shi, mutumin ya ja ta ya shige cikin shanu, shi kuma ya nufo ni yana buga kulki a tafin hannu.

"Kai! Uban wa ya ba ka izinin ɗaukar hukuma hoto?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji nake ɗauka." Na waiga in nuna Alhaji, sai na ga bayan rigarsa kawai, ya yi nisa.

"Ina hoton?"

Ban ce yana nan ba, ban ce ba ya nan ba, idona dai ya kai kan akwatin. Shi kuma a saninsa hoto a cikin akwati yake zama, ina ruwansa da bokitin da ke ƙasa? Ya fizge akwatin ya haɗe ƙafafunsa ya saɓa a kafaɗa, ruwan magani yana tsiyayowa ta ƙasa. Na ce, "Don Allah ranka ya daɗe a hankali, gilashin." Ya juyo ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Sufeto ya tafi rangadi. Jibi da safe ka zo caji ofis. Ka zo da bargonka."

Duk wanda ya zauna a garin nan a wancan zamani ya san abin da ake nufi da ka zo da bargonka. Ya tafi, kasuwa ta ci gaba da harkarta kamar ba a yi komai ba. Mahauta da na sani, masu shayi da muke raha kullum, babu wanda ya yarda muka haɗa ido. Na ɗauki bokitina na kama hanyar gida, takardar tana yawo a cikin ruwa. Duk keken da ya kaɗa ƙararrawa a bayana sai in ji kamar fitsari zai kuɓuce mini.

Mahaifiyata tana tsakar gida tana jera banda a faifai. Tana ganina ba akwati ta miƙe.

"Kai ɗan nan, lafiya? Ina kayan aikinka?"

Na gaya mata duka, na ciro takardar na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ba ta gane komai ba sai darar da kulkin. Su kuwa ta gane su sarai, don shekarun baya an taɓa kama mahaifina kan wata maganar siyasa, ya kwana bakwai a hannun 'yan doka, ya dawo ba ya iya ɗaga hannun dama har ya koma ga Allah. Ta yi salati, ta ja ni cikin ɗaki kamar katanga tana da ido.

"Ƙona shi. Yanzu-yanzun nan. Ni ba ni da wani sai kai."

Na ce, "Inna, bari tukuna." Ba jarumta ba ce ta hana ni, kada ku ɗauka haka. Kawai dai mai hoto ba ya iya ƙona aikin da ya yi kyau haka nan da nan. Na shanya shi a bayan ƙofa, da ya bushe na cusa shi ƙarƙashin tabarma.

Bayan la'asar abokina ya zo. Babarbare ne, akawu a kotu, tun muna yara muke tare, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya yi karatun boko mai zurfi. Labari ya riga ya kai masa. Ya shigo yana "Wushe, wushe," wato sannu da Barbarci, ya gaida Inna, ya zauna ya ce in nuna masa. Yana gani ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai Bakano! Ka sa kofur fareti a kasuwar shanu?"

Na ce, "Malam akawu, kai dariya ma kake yi? Gidan yari fa za a kai ni."

"A kan wace doka?"

"Dokar ɗaukar hukuma hoto mana."

Ya daina dariya, ya gyara zama. Ya ce shekararsa huɗu yana kwafe takardun shari'a, littafin dokokin nan ya buɗe shi ya fi a ƙirga, bai taɓa ganin wannan doka ba. Ya ce abin da ya sani an hana shi ne bariki da ma'ajiyar makamai da irin wuraren nan da ake kafa allo a ƙofa. Amma mutum yana tsaye a tsakiyar kasuwa, rana tsaka, kowa yana ganinsa, ko kaki ne a jikinsa ko babbar riga, abin da ido ya gani gilashi ma yana iya gani. "Ka zage shi? Ka tare masa hanya? To ba ka yi laifi ba. Jibi tare za mu tafi."

Inna daga bakin murhu ta ce, "Ɗana, littafin naka ne zai tare masa kulki?"

Ni kuwa maganar Inna ce ta zauna mini, ta abokina ta bi iska.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Na leƙa ta kafar ƙyaure, sai na ga Alhaji dillali ne, ya rufe rabin fuska da rawani, tare da tsohon nan na cikin hoto. Alhaji ya ce, "Ga shi nan, ni dai na kawo shi, kada a ce da ni," ya juya ya tafi abinsa.

Tsohon Bashuwa ne, irin Larabawan nan makiyaya, dogo, ƙasusuwa kawai, da sanda da 'yar buta. Rugarsu tana can bayan Maisandari, wanda a lokacin daji ne. Hausarsa kaɗan ce, muka haɗa da ɗan Barbarcin da nake ji muka fahimci juna. Ciwon shanu ya share masa garke kaf, karsanar nan kaɗai ta rage, kuma jikar saniyar da ya gada a wurin mahaifiyarsa ce. Ba sayarwa ya kawo ta ba, allurar rigakafi ya kawo a yi mata, don malaman dabbobi sukan zauna a gefen kasuwa. Kofur ya tare shi ya ce ta yi kama da wata da aka sace, za a kai ta ofis a bincika. Da ya bi sawu ofis, aka ce ba a kawo wata karsana ba, kofur ya rantse shi mai hoto kawai ya kama, bai taɓa igiyar kowa ba. Ya je wurin alƙali, aka ce ya kawo shaida. Ya zaga kasuwa kaf, kowa ya ce bai gani ba.

"An ce kai ka gani, ya waladi," in ji shi. Wato ɗana, da harshensu. "An ce akwatinka ya gani."

Da na ce masa hoton yana cikin akwati, akwati kuma yana hannunsu, da shi ke nan, ya tafi. Wallahi ƙaryar tana kan harshena. Amma sai na tashi na ɗaga tabarma na ɗauko. Na ce masa, "Baba, ba za ka gane ba, a juye yake." Ya karɓa da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Karsanar tasa baƙa ce, a takarda ta fito fara sol. Bai yi ko daƙiƙa ba ya ɗora yatsa a kanta, ya bi ƙahonta na hagu da ya ɗan karkace, ya sauko kan tsagar kunne. Ya kira sunanta a hankali, kamar za ta amsa. Inna da take leƙowa ta koma ɗaki da sauri.

Na ce, "Baba, gobe in Allah ya sa na karɓo akwatina, zan fito maka da shi sosai, kowa ya gani." Ni na faɗa da bakina, babu wanda ya matsa mini. Ya sa mini albarka har sai da na ji kunya, ya ce gobe zai jira ni a ƙofar ofis.

Yana fita tsoro ya dawo, ya ninka. Na zauna ina lissafi: tsohon nan zai gaya wa wani, wanin ya gaya wa wani, kafin azahar kofur ya ji cewa hoton ba ya cikin akwati. Na yi tunanin kai takardar wurin wani mai shagon hoto a Sabon Gari ya fito mini da ita, sai na ce in ya kai ƙarata fa? Na ɗauke ta daga ƙarƙashin tabarma na sa a kwandon banda, na ciro na sa a rufin ɗaki, na sake cirowa. Abinci ya ƙi shiga. Ana cikin haka, wajen la'asar, ina zaune a zaure, sai ga kofur a kan keke ya shigo layinmu. Bai tsaya ba, bai ko dubi gidan ba, ya kaɗa ƙararrawa ya wuce. Can kafin magariba ya sake wucewa. Jama'a, na mutu a zaune! Na ce shi ke nan, ya gano gidan, gobe kafin in dawo za a zo a birkice ɗakin Inna, a sami hoto, a haɗa da ita. Sai bayan wata guda na ji cewa ƙanwarsa ce take aure a ƙarshen layin, kullum ta nan yake bi, ni ne ban taɓa lura ba.

Da safe bayan na dawo daga masallaci, Inna tana dama koko. Tun zuwan tsohon nan ba ta ƙara ce mini in ƙona ba, kuma ba zan ɗora mata abin da ba ta yi ba. Ta naɗe mini bargo ta ajiye a bakin ƙofa, idonta ya kumbura. Na dubi bargon, na tuna hannun mahaifina yadda yake lilo in yana tafiya. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar, na tsuguna a gaban murhu. Na ce a raina in babu hoto babu laifi, in durƙusa in ba da haƙuri, a ba ni akwatina. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, tsohon fa?" Na yi kamar ban ji ba, na tura ta cikin wuta. Takardar hoto ba ta da wuyar ci, ta nannaɗe ta yi baƙi tun kafin in janye hannuna.

Abokina ya zo muka tafi. Ban gaya masa ba. Yana ta ba ni ƙarfin gwiwa a hanya, ni kuwa ina rungume da bargo. Muka bi ta ƙofar gefe, aka zaunar da mu a benci. Ga akwatina can a kusurwa an jingine shi, murfin baya a buɗe, duk takardun ciki haske ya kashe su. Kofur yana tsaye kusa da shi yana murmushi, don shi a ganinsa ya riga ya gama da hoton.

Sufeton dattijo ne mai furfura, da tabarau a kan hanci. Ya gama rubutun da yake yi, ya ɗago.

"Kofur, mene ne laifin wannan?"

"Ya ɗauki hukuma hoto, ranka ya daɗe."

"A ina?"

"A Kasuwar Shanu, ranka ya daɗe."

"Ya zage ka?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ya hana ka aiki?"

"A'a."

"To ni me zan rubuta a littafi? Kasuwa ɗakin matarka ce? Wanda ba ya son a gan shi ai ba ya sa kaki ya tsaya a kasuwa. Ba shi kayansa."

Shi ke nan fa. Maganar da ta hana ni ci da sha kwana biyu ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Abokina ya taka mini ƙafa yana murmushi, wato ka gani? Na tashi na rungumi akwatina, na duba gilashi, lafiyarsa lau. Har na juya zan fita, sai sufeto ya ce, "Tsaya, mai hoto."

Na tsaya.

"Akwai wani dattijo da yake ta zarya a nan kan maganar karsana. An ce a daidai wurin ka yi ɗaukar nan. In akwai abin da ya fito, ka kawo mini in gani da idona."

Murmushin kofur ya ɗauke. Na ga gumi ya tsatso masa a ƙarƙashin dara. A lokacin ne na gane, ashe duk kwana biyun nan shi ma a tsorace yake, wataƙila ma ya fi ni. Abokina ya ce da sauri, "Akwai, ranka ya daɗe, ni na gani, yanzu zai fito da shi." Ya juyo yana kallona, fuskarsa cike da murna.

Na ce, "Babu shi, ranka ya daɗe."

"Babu shi kamar yaya?"

"Na sa shi a wuta yau da safe."

Sufeto ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya dubi bargon da ke hammatata. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Wa ya ce ka ƙona?" Na ce babu kowa. Ya mayar da tabarau ya ci gaba da rubutunsa. Abokina ya ce shi ma zai iya ba da shaidar abin da ya gani a takardar, sufeto ya ce wanda ya ga hoton da babu shi ba shaida ba ne. Ni da nake wurin fa? Ni ma ban ga lokacin da aka karɓi igiyar ba, kaina yana kan murfi. Akwatin ne ya gani, ni kuma na ƙona abin da ya gani.

Muka fito ta babbar ƙofa. Tsohon yana tsugune a gindin darbejiya, tun asuba yake wurin. Yana hango akwati a kafaɗata ya miƙe, fuskarsa ta washe, haƙoransa biyu da suka rage suka fito. A hannunsa akwai sabuwar igiya, ya tufka ta da kansa, wadda zai ja karsanarsa da ita zuwa gida.

Ban san yadda na gaya masa ba. Na dai san abokina ne ya ƙarasa masa da Barbarci, don muryar nan tawa ta fareti ta ƙi fita. Na jira ya tsine mini, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya dube ni, ya dubi bargon, ya gyaɗa kai.

"Ka ji tsoro, ya waladi."

Na ce, "Na ji, Baba."

Ya naɗe igiyar a hankali a kan gwiwar hannunsa, ya rataya a kafaɗa, ya ɗauki butarsa ya kama hanyar Maisandari. Ban ƙara ganinsa ba. Sau biyu na je neman rugarsu, aka ce sun tashi. Abokina ya yi wata uku ba ya shiga gidanmu, daga baya dai muka shirya, amma har ya rasu bai ƙara ce mini Bakano cikin wasa ba.

Na yi shekara talatin da wani abu ina hoto bayan wannan. Na daina daka tsawa, sai dai in ce, "Don Allah a ɗan tsaya." Mutane suka ce girma ne ya zo mini.

Abin da yake damuna har gobe ba wai ban san doka ba ne. An gaya mini, a ɗakinmu, da bakin wanda ya sani. Kofur bai nemi takardar nan ba, bai ma san tana duniya ba. Sufeto bai hana ba, nema ma ya yi. Ni da kaina na zama ɗan dokan kaina, na kama kaina, na yanke hukunci, na zartar a gaban murhu tun kafin rana ta fito sosai. Da na yi haƙurin awa biyu kacal, da akwati da takarda sun haɗu a hannuna.

Ba na ce wa yaran yanzu su yi taurin kai ba. Kulki yana da zafi, na gani a jikin mahaifina, kuma ba kowane ofis ne ake samun dattijo mai tabarau ba. In za ka ɗauka, ka tsaya nesa, kada ka zagi kowa, kada ka tare wa kowa aiki. Amma in ka riga ka ɗauka, kuma ka san akwai wani bawan Allah da ba shi da shaida sai abin da ke hannunka, don girman Allah kada ka goge saboda keke ya wuce ta ƙofar gidanku.

Akwatin yana nan a ɗakina, jikoki suna ajiye caja a kansa. Na wuce tamanin yanzu, abubuwa da yawa sun ɓace mini, har sunayen wasu abokaina. Amma har yau in na haɗu da mutum a hanya riƙe da igiya, babu dabba a bakinta, sai in sunkuyar da kai har ya wuce.